Kugen Baba Jatau

Azumin bana ya zo mana cikin zafi, kuma a makon nan ruwa ya ɗauke a benenmu na unguwar Bani Malik, nan ƙasa mai tsarki. Jikata Sumayya ta murɗa famfo, ya yi mata tari ya yi shiru, sai ta ɗora hannu a ka kamar an aiko mata da rasuwa. "Ya Sitti, kakata, moya mafi, babu ruwa! Yaya za mu yi?" Na ce ta yi abin da ubanta ya saba yi. Ta ɗauki waya ta kira motar ruwa, wadda mu nan muke ce wa wayit, ta koma ta miƙe ƙarƙashin na'urar sanyi tana nishi. Kafin la'asar mota ta zo ta cika tanki. Wahalar da za ta ba 'ya'yanta labari ke nan. Ni kuwa tun da famfon nan ya yi tari Baba Jatau ya faɗo mini a rai, kuma har yau ya ƙi fita.

Azumin da nake tunawa shi ma a zafi ya faɗo, can ƙarshen shekarun saba'in, lokacin ina goyon ɗana na biyu. Muna zaune a wani ƙauye bayan Bani Malik da muke kira Zangon Garwa. Kada ka je nemansa, tituna da benaye sun hau kansa tuntuni. Gidajenmu garwar kananzir ce aka fasa aka shimfiɗe, da katakon akwatunan da mazanmu suke samowa a tashar jirgin ruwa. Kusan dukkanmu 'ya'ya ne da jikokin alhazan da suka taho a ƙafa daga ƙasar Hausa suka rasa guzurin komawa, sai kuma 'yan'uwanmu Hausawan Sudan. A nan aka haife ni, a nan aka aurar da ni ga Haruna, wanda yake dako a tashar. Babu famfo, babu lantarki. Ƙauyen kuma a warwatse yake, wani busasshen rafi ya raba shi biyu, ko ka ƙwala ihu a gabas na yamma ba zai ji ka ba.

Shi ya sa muke da 'yan kuge. Kuge ƙarfe ne mai baki biyu, irin ƙararrawar gida, babu harshe a cikinsa, da ƙaho ake buga shi. Mutum huɗu ne, kowa da kusurwarsa. Baba Jatau yana bakin hanya inda mota take tsayawa, kusa da masallaci. Haruna mijina yana tsallaken rafi inda gidanmu yake, sauran biyun ɗaya a arewa ɗaya a kudu. Kowane bugu da saƙonsa. Na ruwa mai sauri ne kamar dakan gaggawa, na gobara ba shi da numfashi, na rasuwa ɗaya bayan ɗaya ne da tazara a tsakani. Da azumi kuma akwai na shan ruwa, don igwar da ake bugawa a cikin gari ba kullum iska take kawo mana ƙararta ba. Dokarsu ɗaya ce, Baba Jatau ne ya kafa ta: in ka ji kuge ka amsa da irin bugun da ka ji, tambaya ta biyo baya. Ya ce ranar da aka tsaya tambaya, rabin ƙauyen zai ƙone kafin amsa ta iso.

Ba wanda ya san shekarun Baba Jatau, har shi kansa. Mahaifiyata ta ce tun tana budurwa take ganinsa da kugen nan a rataye, kuma tun lokacin Baba ake ce masa. Da kugen ya taho daga wani ƙauyen Gobir, ya ratsa Sudan da shi, ya ƙetare teku da shi, matarsa kuwa a hanya ya binne ta. Bai sake aure ba. Ba shi da ɗa, ba shi da iƙama, takardar zama, ba shi da kafili mai tsaya masa. Sana'arsa liƙe garwar da ta huje da dalma, kuma in mace ta kawo masa tata tana kame-kame, sai ya ce ta tafi da ita, ai ramin ƙarami ne, bai kai a yi maganarsa ba.

Abin da yake ba ni haushi da shi kuwa, shi ne mutum na farko da yake hango motar ruwa, amma shi ne na ƙarshe a layi. In ya gama bugu sai ya tsaya yana tare wa masu goyo wuri, ya ɗora wa wannan tsohuwa, ya raba faɗan waɗancan biyun, har direba ya naɗe tiyo. Sau da yawa da ɗan guntun ruwa a gindin garwa yake komawa ɗaki. Ni kuma bakina bai iya shiru ba.

"Baba, wannan ba kirki ba ne, wauta ce. Kai ka kira motar nan, kai za ka tafi da ragowa?"

"Mairo sarkin faɗa," in ji shi yana dariya. "Ni bakina ɗaya ne, 'yata. Ke naki nawa ne a gida?"

"Wannan bai shafe ka ba. Kawo garwar in ƙara maka."

"Bar ta haka, ta fi sauƙin ɗauka."

Da rasuwa ma haka yake. Bayan kowane aikin hajji akwai waɗanda jirgi yake tashi ya bari, tsofaffi da marasa lafiya, su gangaro Zangon Garwa don sun ji ana Hausa. In ɗayansu ya cika, ko sunan garinsu ba a sani ba, Baba zai fita ya buga masa na rasuwa, ya tsaya a ƙofar ɗakin har mutane su taru daga ko'ina. Tun da na yi wayo ban taɓa ganin gawa ta fita ƙauyenmu da mutum uku kacal a bayanta ba, kuma kowa ya san aikin wane ne.

Zafin shekarar nan ba na ƙunar rana kaɗai ba ne. Iskar kudu ce take tasowa daga teku da danshi, ta manne wa mutum a jiki, zufa ta fito ta rasa inda za ta bushe. Da asuba muke yin duk aikin da yake buƙatar ƙarfi, shara, surfe, jiƙon wake, don da hantsi bangon garwar nan ba ya taɓuwa da hannu. Daga nan sai kowa ya nemi inuwa ya baje. Yara duk ƙurajen zafi sun feso musu a wuya da gadon baya, sai susa suke yi suna kuka. Nakan jiƙa bakin zane in shimfiɗa wa jaririna a ƙirji, kafin in juya ya bushe. Azahar tana yi gari ya mutu, ba ka jin komai sai ƙudaje da ƙarar kwanon rufi yana miƙewa a rana. Harshe ya yi nauyi a baki, leɓe ya tsage, in maƙwabciya ta yi sallama sai dai ka ɗaga mata hannu.

Bayan la'asar muke farfaɗowa. Mata mu haɗu a tsakar gida ɗaya, wannan ta markaɗa wake a dutse, waccan ta dama kunu, wata ta tsaya kan tukunyar miyar shurba, don itace ma ba shi da yawa, murhu ɗaya ya fi biyar sauƙi. Kowane gida sai ya aika da ɗan kwano ƙofar masallaci saboda gwauraye da baƙi. Sannan a zauna a yi tsit, kowa da ƙoƙonsa a hannu, kunne yana bakin hanya. In Baba ya buga, Haruna ya amsa, na arewa da na kudu suka ɗauka, sai ka ji duk ƙauyen ya ce bismillahi kusan tare.

Ruwa kuwa a shekarar ya zama abin da ya zama. Gari yana ta girma, ko'ina gini ake yi, motocin ruwa duk sun koma bin masu gini. Tamu takan zo ranar da direba ya ga dama. Ruwa ɗaya yakan yi mana aiki uku, a wanke shinkafa da shi, a wanke kwanuka, a yayyafa a ɗaki ko ƙasa za ta yi sanyi. Kowace mace tana da ɗan abin da ta ɓoye a gindin randa ta rufe da faifai, na shan ruwa da na sahur, ko mijinta bai isa ya taɓa ba sai da izninta. Wanki mun manta da shi. Wanka kuma sai dai a goge jiki da tsumma.

Cikin wannan hali Salihu ya dawo daga karatu. Ɗan Inna Kande ne, aminiyar mahaifiyata, ƙanen bayana ne sosai, na sha goya shi. Ya tafi yana Salihu ya dawo Ustaz, da farar riga da littattafai cike da akwati. Ba zan ci zalinsa ba, yana da karatu, kuma ba mugu ba ne. Shi ya kawo lasifika ya ɗaura a kan masallaci, tana aiki da batirin mota. A makon farko na azumi ya tara 'yan kuge bayan la'asar. Ni ba na wurin, a bakin Haruna na ji, da ya shigo gida ya ɗauko buhu yana naɗe kugensa.

"Lafiya kake naɗe shi kamar gawa?"

"Halas, magana ta ƙare, Ustaz ya hana. Ya ce buga ƙararrawa don ibada ko don mamaci ba hanyarmu ba ce, ta Nasara ce. Shan ruwa kiran salla ya isa, rasuwa kuma zai faɗa a lasifika."

"Kai kuma ka ce masa me?"

"Me zan ce, Mairo? Hujja ya kawo. Ya dai bar mana na ruwa da na gobara, ya ce waɗannan lalura ce. Mun yi masa alkawari a gaban dattawa."

"Lasifikar da ko rafi ba ta ƙetarewa? Mu nan tun da ya ɗaura ta ka taɓa jin ta? Maza huɗu, an rasa mai bakin da zai faɗa masa haka?"

Ya yi mini kunnen uwar shegu ya tura buhun ƙarƙashin gado. Washegari tun da sanyin safiya na ƙetara wurin Baba da sauran faɗan a bakina. Na same shi yana hura garwashi zai narka dalma. Ya bar ni na zazzage duk abin da na zo da shi, sannan ya ce, "Kada ki zage shi, Mairo. Yaron ya yi karatu, mu ba mu yi ba. In ya ce babu kyau, ni ba zan ja da shi ba." Ya ɗan juya garwashin. "Wanda zai mutu a nesa da masallaci kawai nake tausayi."

Ba a jima ba kuwa aka gani. Wani dattijo Bahaushen Sudan ya rasu a kudancin ƙauyen da tsakar rana. Ustaz ya faɗa a lasifika, gidajen da suke jikin masallaci suka ji, sauranmu muna kwance ba mu san abin da ake ciki ba. Mutanen da suka raka shi ba su isa su karɓi juna a ɗaukar makara ba, sai da suka riƙa ajiye ta a hanya suna hutawa. Baba yana cikinsu. Da ya dawo na kai masa kunu, na same shi zaune a ƙofar ɗaki ya zuba wa ƙasa ido. Bai tsokane ni ba, bai ce mini sarkin faɗa ba. Ranar na fara ganin ya tsufa da gaske, kuma raina ya ɓaci ƙwarai.

Da azumi ya raba tsakiya motar ruwa ta ɓace ɗungum. Kwana da kwanaki babu ita. Maza suka riƙa tafiya da garwa har cikin gari bayan sun taso aiki, wani ya samo, wani ya dawo hannu biyu. Gangar ruwan masallaci ta bushe, aka koma taimama. Baba kuwa ya kafa wani katako a bakin hanya ya zauna ƙarƙashinsa da kuge a cinya, daga hantsi har yamma, wai kada mota ta zo direba ya ga ba kowa ya juya. Na yi faɗa har na gaji. Na ce Allah bai ɗora wa tsoho irinsa azumi a wannan zafi ba, shi kansa Ustaz ya gaya masa haka. Ya ce ai zaune yake, ba dako yake yi ba.

Wata rana da safe aka ce bai fito bakin hanya ba, zazzaɓi ya kwantar da shi. Bayan azahar na buɗe randata na ɗebi ƙoƙo guda, na saɓa jariri a baya na ƙetara rafi, na yi niyyar ko da ɗure sai ya sha. Na yi sallama babu amsa. Na tura ƙyauren, zafin ɗakin ya doke ni a fuska. Yana kwance a tabarma ta gefen dama, ya fuskanci alƙibla, hannunsa ƙarƙashin kunci. Na kira shi, na taɓa ƙafarsa. Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Na ajiye ƙoƙon a ƙasa a hankali, don ko a lokacin hannuna bai yarda ya zubar ba.

Na ruga masallaci. Ustaz yana ciki da dattawa biyu, kuma da ya ji, wallahi idonsa ya kawo ruwa. Ya kunna lasifika ya sanar. Muka tsaya jira a ƙofar ɗakin Baba. Aka fito daga gidajen kusa, mutanen da za ka ƙirga da yatsun hannu ɗaya, yawancinsu tsofaffi. Ustaz ya leƙa randar Baba, busasshiya ƙayau. Ya tsaya yana shafa gemu, sannan ya ce zafin nan ba zai bari a ajiye gawa ba, ruwa kuma babu, don haka za a yi masa taimama. Maƙabarta da nisa, waɗanda suke nan ba za su iya ɗauka ba, zai aika a kira motar hukuma da take ɗaukar waɗanda ba su da kowa.

"Waɗanda ba su da kowa?" na ce. "Baba Jatau ne ba shi da kowa?"

"Yaya Mairo, ki yi haƙuri. Shari'a ta yarda da taimama in babu ruwa."

"Ni ban zo jayayya da shari'a ba, Salihu. Mutumin da ya ƙare rayuwarsa yana kiranmu ruwa, shi za a shafa wa ƙasa a tura a mota?"

"To gida nawa kike so in bi in roƙi mutane ruwan bakin 'ya'yansu? Da wane ido?"

"Ba sai ka bi ba. Ka bari a buga masa na rasuwa, sau ɗaya tak. Shi ya buga wa ubanka."

Ya sunkuyar da kai. "Ba zan halatta yau abin da na hana jiya don ina son mamacin ba. Malesh, sai haƙuri, Yaya."

Na shiga ɗakin, kugen yana rataye a ƙusa da ƙahonsa. A ƙauyenmu mace ba ta taɓa kuge, ba wanda ya taɓa hanawa, ba a dai taɓa yi ba ne. Na sauko da shi, ya fi yadda nake zato nauyi. Na wuce ta gabansu da shi, wani dattijo yana cewa, "Ke 'yar nan, ina za ki?" Na je bakin hanya na tsaya gaban katakon Baba, na gyara goyona.

Na san abu ɗaya sarai. In na buga na rasuwa, Haruna zai ji, sauran biyun ma za su ji, amma ba mai amsawa, don sun yi alkawari a gaban dattawa, kuma maza ne masu riƙe magana. Bugu ɗaya ne ba a hana ba wanda ba mai jinsa ya ci gaba da kwanciya. Na ɗaga ƙahon na buga na ruwa, da sauri, da duk ƙarfin da azumi ya rage mini. Jaririna ya tsorata ya fasa kuka, ban tsaya ba.

Can sai na ji na Haruna ya amsa daga tsallaken rafi. Daga baya ya gaya mini tun bugun farko ya san ba hannun Baba ba ne, amma doka ba ta ce a tsaya tambaya ba. Na arewa ya ɗauka, na kudu ya ɗauka. Ƙauyen da ya mutu tun azahar ya tashi gaba ɗaya. Na hango su suna gangarowa rafi suna haurowa, mata da garwa a ka, maza da biyu-biyu a sanda, yara da butoci da tukwane, ana gudu ana kiran juna, ƙarar garwa babu komai a ciki ta cika ko'ina. Na ga murna a fuskokinsu, kuma wannan ya soke ni, don na san abin da zan yi musu.

Suka iso suka yi cirko-cirko. Babu mota, babu ko ƙurarta, sai ni da kuge a hannu.

"Ina wayit ɗin?"

"Wa ya ba mace kuge?"

"Mairo, kin haukace ne? Da azumi a bakinmu za ki taso mu a wannan rana?" Wata mata ce daga kudu ta faɗi haka, ta jefar da garwarta a ƙasa tana kuka, ta ce ta bar yaro ba lafiya ta taho. Matar nan ba ta sake gaishe ni ba har aka rushe ƙauyen. Tana da gaskiyarta, amma ko yau aka mayar da ni wurin abin da zan yi ke nan.

Na hau kan wani dutse don su gan ni. Muryata ta dushe amma ta fita. "Ruwa na kira, kuma ruwa nake nema. Baba Jatau ya rasu. Ga shi can a ɗaki, randarsa babu ko ɗigo. An ce za a yi masa taimama a kira mota ta tafi da shi, wai ba shi da kowa. Na ce bari in tara ku ku ji da kunnenku, in haka ne to."

Kukan matar nan ya tsaya. Ustaz ya ratso mutane ya zo gabana, fuskarsa a ɗaure. "Kin yi wa musulmi ƙarya da azumi a bakinki, Yaya Mairo."

"Ni zan amsa wannan gaban Allah, ba kai ba. Kai ka ji da taka."

Inna Kande, uwarsa, tana tsaye a gaba-gaba. Ba ta dube ni ba, ba ta dubi ɗanta ba. Ta ɗauki garwarta ta juya ta kama hanyar gida. Wasu suka bi bayanta, sai ga jama'a tana watsewa. Na ce shi ke nan, na ɓata da kowa a banza. Na sauko daga dutsen na zauna, na juyo da jariri ina ba shi nonon da babu komai a ciki.

Inna Kande ce ta fara dawowa, da kwano a hannu biyu, tana tafiya a hankali kada ya zube. Ta wuce ni ta je ƙofar ɗakin Baba, ta juye a wata garwa da ya liƙe ba a zo karɓa ba. Ta dubi ɗanta ta ce, "Salihu, naɗe hannun rigarka." Bayanta wata ta zo da buta, wata da ƙoƙo, wani tsoho da kofin shayi. Na gindin randa ne duka, wanda aka rufe da faifai ana jiran magariba, wani ma har da laka-laka a ciki. Kowa ya zo ya juye ya koma gefe ya tsaya. Na shiga na ɗauko ƙoƙon da na kawo wa Baba na zuba a kai. Garwa ta cika, aka jawo ta biyu.

Ustaz ya naɗe hannun riga. Shi da Haruna suka shiga suka rufe ƙyaure. Mu mata muka tsaya a lungu cikin rana, ba wadda ta nemi inuwa. Can sai ruwan wankan ya fara fitowa ta ƙarƙashin bangon garwa, ya biyo ƙasa yana tafiya a hankali ta tsakanin ƙafafunmu. Ƙanshin jiƙaƙƙiyar ƙasa ya tashi. Maƙogwaronmu a bushe, muna kallonsa yana nutsewa, wani yaro ya durƙusa zai taɓa uwarsa ta janye shi. A nan ne kuka ya zo mini, na yi shi sosai, ban ji kunyar kowa ba.

Ustaz ne ya yi masa salla, ba a kira mota ba. Maza suka ɗauke shi, mu muka koma gida, don mata ba sa bin gawa. Kugen kuwa wani dattijo ya karɓe shi daga hannuna, ban sake ganinsa ba, kuma ba a sake buga na rasuwa a Zangon Garwa ba. Motar ruwa ba ta zo ranar ba, ba ta zo washegari ba. Da yamman nan ba a dama kunu a tsakar gidanmu ba, babu abin damawa. Na kankare gindin randa na sami abin da bai kai rabin ƙoƙo ba, na ba babban ɗana ya kurɓa, na rufe sauran na ajiye wa ubansa.

Dab da magariba Haruna ya shigo, ƙafafunsa fari fat da ƙura, leɓensa ya tsattsage. Tun da na buga kugen nan ba mu yi magana ba, kuma na shirya masa tsaf in faɗa ya zo da shi. Ya zauna a bakin ƙofa ya jingina da bango. Na tura masa ƙoƙon gabansa.

"An binne shi?"

"An binne shi."

Ya kalli hannayensa. Sannan ya ɗago ya dube ni.

"Mairo, tun daga bakin hanya har maƙabarta nake kutsawa in sa kafaɗata a makarar nan. Wallahi ban sami wuri ba."